Daular Oke

Litinin, 4 ga Maris

Ni, Wendell Lindqvist, shehin malamin garken shanun Wisconsin ta Amurka, na ƙaddamar da bincike kan kalmar da ta ɗaure zuriyarmu: oke. An ce 'yan jaridar Boston ne suka ƙago ta don raha. Su sun yi dariya sun mutu, mu muka gaji ƙangin. A gidanmu ita ce gaisuwa, ita ce ta'aziyya, ita ce "na gode". Da ita Baba ya nemi auren Mama, da ita ta amsa.

Laraba, 6 ga Maris

Tatsar safe, tatsar yamma. Saniya ba ta san Lahadi ba.

Jumma'a, 8 ga Maris

Jami'a ta ba ni gurbi, tana jiran amsa kafin ƙarshen wata. Baba bai sani ba. Yau ya nuna mini sabon injin tatsa, ya ce, "Naka ne nan gaba, oke?" Bakina, wannan maci amana, ya ce oke tun kafin ya shawarce ni.

Marlys, ƙanwata kuma babbar 'yar adawa, ta ce, "Farfesa, duk surutun nan naka, a gaban Baba sai ka koma ɗan maraƙi?" Na ce shiru ma fasaha ce. Ta ce, "To je ka kwashe kashin shanu da fasaha."

Lahadi, 10 ga Maris

Na tanadi jawabi mai ratsa zukata da zan yi wa Baba. Duchess, saniyar da ta fi kowa tsanata, ita kaɗai ta saurara, ta kuma harbe ni.

Alhamis, 14 ga Maris

Na faɗa wa Baba. Jawabin ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, tafiya zan yi." Na tsaya ina jiran kalmarmu ta gado. Ya daɗe yana wanke bokitin da ya riga ya wanke. Sannan ya ce, "Ba oke ba ne, yaro. Bayana ya gaji, kuma ban san yadda zan yi ba. Amma ka tafi."

Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba.

Asabar, 16 ga Maris

Na aika amsa. 'Yanci ya tabbata, a buga tambura.

Na riga Baba shiga garke yau, ba wanda ya tashe ni. Gobe ma haka zan yi. Motsa jiki ne kawai.