Dokar Kwalekwale

Zuwa ga Yaya Umara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya yara? Ina lafiya a Tamanrasset. Aikin gini ya ɗan taɓa min baya, amma kada ka gaya mata.

Abokinmu Gideon ya ce gasar ƙwallon da muka fara da ƙungiya huɗu a Haɗeja ta kai goma sha biyu. Ranar kowa a wurin aiki sai da ya sha labari.

Sai dai na ji ana so a ce ƙungiyar da ambaliya ta tare wa hanya ta yi asarar wasa. Yaya, ka tashi a taron masu shirya gasar ka ƙi. Mu masu masauki muke tura wa 'yan Auyo kwalekwale, su zo su ci mu ma. Haka muka kafa ta.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Ɗanladi