Rigunan Lahadi na Mama

Litinin, 1 ga Satumba

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Tun safe nake tsaye a shago, sau biyu na canza wa ƴan tsanar taga kaya saboda Madam, mai shagon, ta ce kalar farko tana kashe mata ido. An ɗauke ni a matsayin mai gyaran ɗinki, amma ni ce mai guga, ni ce mai yi wa taga ado, wata rana har sayo shayi. An kawo sababbin dogayen riguna, akwai wata ruwan zuma mai faɗin hannu. Na gwada ta a ɓoye. Ta yi mini kyau har na ji haushi, na mayar da ita kan hanga.

Burodi da ƙwai na ci, a tsaye.

Lahadi, 7 ga Satumba

Gida, kamar kowace Lahadi. Dokar Mama ce, ko ciwo kake sai ka zo ka yi shi a kan teburinta. Rana ɗaya tak nake hutu, ita ma mota ke cinye rabinta. Ina son su, amma da za a bar ni in yi barci har la'asar da na fi son su.

Shinkafa da kaza. Baba na kujerarsa ta bakin taga, da tabaraunsa mai kauri da ba ya hana shi zuba gishiri a shayi. Yaya ya zo da matarsa Anti, cikinta ya fito sosai, komai aka ajiye sai ta ce warinsa ya dame ta, sannan ta cinye. Mama tana ta kai da kawo, ba ta zauna ba.

Da zan tafi ta ja ni ɗaki ta miƙo mini shuɗiyar rigarta a leda. Wai in ɗan rage mata, telan ne ya yi ta da yawa. Telan kuwa ni ce, kuma bara da na ɗinka ta har cewa ta yi ta matse ta. Na yi dariya na karɓa.

Laraba, 10 ga Satumba

Na rage rigar a lokacin hutun rana. Rediyo, abokiyar aikina wadda bakinta ba ya mutuwa, ta leƙo ta ce, "Iyayen yanzu ma gayu suke ji." Na ninke gefe da gefe ta ciki, ko makaho ya shafa ba zai ji ɗinkin ba. Abin da na iya ke nan a duniya.

Lahadi, 14 ga Satumba

Rigar ta zauna ɗas. Anti ta ce, "Mama, ai kin koma budurwa, a ba mu sirrin." Mama ta yi juyi a tsakar falo, Baba ya ɗaga tabarau yana murmushi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A shago ba mai yaba aikina.

Taliya da kifi. Na ci har na kwance maɓallin siket.

Juma'a, 19 ga Satumba

An sayi mai ruwan zumar. Matar da ta saya ba ta ma dace da ita ba.

Lahadi, 28 ga Satumba

Yau riguna biyu Mama ta ba ni, koriyar da mai furanni. Na ce sai na auna, ba na aiki da ka. Ta ƙi, na nace. Da na zagaya tef a ƙugunta sai da na sake dubawa, na ɗauka daga tsakiya na riƙe shi. Ƙashin kafaɗarta ya taɓa mini hannu.

Na ce, "Mama, lafiya kuwa?" Ta ce tsufa ne, kowa da yadda yake zuwar masa, wasu su kumbura wasu su tsotse.

A wajen cin abinci na sa mata ido. Ta zuba wa kowa dankali da nama, ta zuba wa kanta cokali guda, ta yi ta juya shi a faranti. Yaya ya ce ta zauna ta ci, ta ce ai mai girki a kicin take ƙoshi. Haka take faɗa tun muna yara, shi ya sa ba wanda ya ɗaga kai. Da na kai kwanuka na ga nata a kwandon shara, an rufe da ɓawon albasa.

Talata, 30 ga Satumba

Ragi kaɗai bai isa ba wannan karon. Kafaɗun sun zube, sai na sa soso siriri a ciki na rufe da shafi. Na ɗaga wuyan koriyar don ya rufe ƙashin nan. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ban san me ya sa na kasa cin abincin rana ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Na tsare Mama a kicin, na tura ƙofa. Ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta bushe kafin ta ce abinci ne ba ya wucewa. Ta nuna ƙirjinta. Tun kafin bikin Yaya take jin alamarsa, yanzu shayi da ruwan miya kawai ke sauka lafiya.

Na ce asibiti. Ta ce yayarta da ƙafarta ta shiga asibiti, a kwance aka fito da ita. Ta ce hawan jinin Baba bai daɗe da sauka ba, Anti kuma ga ta ga haihuwa, idan aka sauka lafiya za ta je da kanta. "Ke kaɗai na gaya wa, Auta. Kada ki ba ni kunya."

Na ce to. Ni da bakina na ce to.

Muka fito, tana sanye da koriyar, kafaɗu a tsaye kamar ta talla. Yaya har hoto ya ɗauke ta.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na ƙona wa wata mata gefen siket da dutsen guga. Madam ta yi ta faɗa, ina kallon bakinta ban ji ko kalma ɗaya ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yaya ya kira, wai me za mu haɗa mu saya wa Mama, ta yi ƙoƙari da mu. Yana tunanin takalmi. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, na ce takalmi ya yi.

Na gaji. Ba irin gajiyar tsayuwa ba, wannan ko na kwanta tana nan.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Wake da shinkafa. Mama ta zauna yau, don tsayuwar ta fara gagararta, amma ta ce ƙafa ce. Baba ya yi ta kallonta ta saman tabarau, can ya ce rigar nan ta karɓe ta, ya ci gaba da cin abincinsa.

Shuɗiyar ta sake dawowa hannuna a leda. Mama ta saƙala mini ita a jaka.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na juya rigar ciki waje na shimfiɗa a tebur. Mu a wajen gyara ba ma yanke yadi idan za mu rage, ninkewa muke yi ta ciki, don in mai kaya ya ƙara jiki a farke a sake masa. Madam ta koya mini haka tun ranar farko. To yanzu abin da za a ninke ya yi yawa, zai yi tudu a gefe, kowa zai gani. In dai ana so ta zauna yadda Mama ke so, sai an yanke.

Na ja layi da alli. Na ɗauki almakashi. Idan na yanke, rigar ba za ta ƙara komawa yadda take ba, kuma ni na yarda ke nan mai ita ma ba za ta koma ba.

Rediyo ta ce, "Ke, tun ɗazu kike tsaye da almakashi kamar mai jiran a ɗauke ki hoto." Na ajiye, na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo guga.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na farke ragin da na yi mata gaba ɗaya. Na goge allin, na yi mata guga. Ta dawo yadda na ɗinka ta bara.

Mama za ta tsane ni.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na je da wuri. Ta karɓi ledar ta shiga ɗaki, na bi ta. Ta zura rigar, ta tsaya gaban madubi. Wuyan ya zame gefe ɗaya, hannayen sun rufe mata yatsu, kamar yarinya ta sa kayan uwarta. Ni kaina sai a lokacin na gan ta da gaske.

Ta ce, "Me kika yi?" Na ce ban rage ba, kuma ba zan ƙara ragewa ba. Ta buɗe durowa tana neman fil. Ta ce in rufe ƙofa. Na buɗe ta gaba ɗaya, na ce, "Baba, don Allah zo."

Ya zo yana dafa bango. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya matso ya kama yadin a gefen ƙugunta, ya ja, ya ga yadda ya cika masa hannu. Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Ya ce ya daɗe yana ganin kamar tana ramewa, amma duk Lahadi sai ta fito tsaf, yara suna yabawa. "Sai na ce to, idona ne."

Mama ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da dogon hannun rigar.

Yaya ya iso ana haka. Da ya gane, ni ya juyo wa: "Tun yaushe kika sani?" Na faɗa masa. Ya ce da hannuna na rufe musu ido. Ban musa ba, gaskiya ya faɗa. Anti ce ta ja shi waje.

Kazar ta huce a tukunya. Wajen la'asar Anti ta zuba mana, muka ci don dole, ba mai kallon wani. Mama ba ta fito ba. Da zan tafi na yi mata sallama ta juya fuska bango.

Talata, 21 ga Oktoba

Yaya ya samo ganin likita ranar Alhamis. Ya turo mini saƙo, ba gaisuwa. Na kira Mama, ba ta ɗauka ba.

Na roƙi Madam hutun Alhamis, ta ce ranar ake canza taga. Na ce Rediyo ta canza. Za ta haɗa ja da ruwan hoda, na sani, amma su ƙarata.

Alhamis, 23 ga Oktoba

A gida na kwana jiya don kada mota ta makarar da ni. Na zo da ƴar jaka, sai keken ɗinkina na hannu da kaya kala huɗu ko biyar. Ba dawowa na yi ba, ɗakina na can, kawai dai hanyar ta yi nisa ga mai zuwa kullum.

Da safe na dafa wa Baba shayi, na ɗauke gishirin daga kusa da shi. Na tace wa Mama ruwan miya a kofi na kai mata. Ta sha rabi ba ta dube ni ba.

Shuɗiyar ta ɗauko da kanta. Na taya ta sawa, na ja zif. Wuyan ya zame, kafin in ankara hannuna ya kai kan fil ɗin da ke maƙale a gyalena, saboda sabo. Ta riƙe mini hannu. Tun Lahadi sai yanzu ta yi mini magana.

"Bar ta haka. Likitan ya gani."

An ɗebi jini, an ce mu dawo Litinin a yi hoto. Ba mu san komai ba tukuna, ina jin tsoro sosai. Amma a mota da muke dawowa ta jingina da kafaɗata, ni kuma barci ya kwashe ni tun kafin mu fita daga layin asibitin, har sai da Yaya ya tashe ni a ƙofar gida.

Gobe zan gwada dafa mata dankali in murje shi da laushi, ko zai wuce.