Ranar da Anka Karɓe Maka Begila

Zuwa ga aminina, marigayi Mumuni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke yi wa wanda ya riga shi, ina fatan kana cikin sassauci da yalwar makwanci. Ni ne Bawa, wanda ke tafe bayanka da babbar ganga a cikin 'yan badujalar makaranta. Na tsufa, gani ya rage, amma ɓacin rai bai rage ba. Shi ya sa na zauna in kawo maka ƙara.

Makarantarmu ta yi bikin tarihinta makon jiya. Ka san ta tana babbar firamare mai azuzuwan laka da rufin ciyawa. Yanzu sakandaren gwamnati ce, da ƙofar ƙarfe da fenti. Kwamitin tsofaffin ɗalibai sunka aiko mini, wai ni kaɗai na rage cikin 'yan farko, in zo in ba da tarihi. Na zauna da su na faɗi komai. Da na iso kanka, sai shugabansu ya ce in tsallake, wai ranar farin ciki ce kuma manyan baƙi za su zo.

In tsallake ka, Mumuni! To in faɗi me?

Ka tuna zuwanka? Daga wani ƙauye bayan Lolo anka kawo ka, Hausarka a haɗe da Dandanci, muna ta dariya. Ba a yi nisa ba ka rufe mana baki a filin ƙwallo. Babu takalmi, babu raga, gora biyu ne da igiya, amma in ka tsaya gola sai dai ƙwallo ta bi wani gari.

Ranar da munka ƙetare Kwara cikin jirgi don wasan ƙarshe da 'yan makarantar hayi, yatsanka ya goce tun kafin hutun rabin lokaci. Ka ɗaure shi da tsumma ka koma. Kofin da munka ɗauko ranar nan yana nan ofishin shugaban makaranta, na gan shi da idona, an goge shi yana ƙyalli. A wannan rana babu wanda ya tambayi inda anka haife ka.

Sai badujala. Saje Garba, tsohon sojan nan da ke koya mana maci, shi ya zo da begilarsa mai lotsattsen baki. Kowa ya gwada, sai iska da yawu. Kai ka ɗora ta a leɓe ka busa, har matan da ke sussukar shinkafa a fadama sunka miƙe tsaye. Saje ya ce, "Wagga abu ta samu mai ita." Tun daga nan kai ke gaba, masu sarewa na bin ka, ni ina can baya ina kirɓa ganga, shi kuma yana tsawa, "Ƙahwar hagu ita ka bin ganga, ba ganga ka bin ta ba!"

Duk daminar shekarar samun 'yancin kai mun yi ta muna shirin fareti. Kai anka zaɓa ka busa lokacin da za a ɗaga sabuwar tuta. Leɓenka ya tsage don gwaji, kana shafa man shanu kana ci gaba.

Ana gobe biki innarka ta zo da busasshen kifi, ta zo ganin ɗanta. Wani jami'in ilimi da anka turo daga lardi ya ji kuna Dandanci, ya tambaye ta inda ta haife ka. Baiwar Allah ta faɗi gaskiya, ta ambaci garin iyayenta, inda ta je wankan gida. Garin yana ɓangaren Dahome. Amma gidan babanka yana nan ɓangaren Nijeriya, gonarsa tana nan, kabarin kakanka yana nan. Mutumin nan ya ce baƙo ba zai busa wa tutar Nijeriya ba.

Saje ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Hedimasta ya roƙa. Mu 'yan badujala munka aje kayan kiɗa a ƙasa, anka ce duk wanda bai ɗauka ba ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Kai da kanka ka ɗauko ganga ka rataya mini, ka ce in buga da ƙarfi yadda za ka ji daga waje.

Anka miƙa begila ga wani yaron da bai taɓa iya ta ba. Tuta na hawa, abin da ya fito kamar kukan ɗan maraƙi, jama'a na ƙunshe dariya, yaron na hawaye. Kai kana bayan danga tare da innarka, cikin farar rigar da ka wanke da kanka, ka ƙame kamar yadda Saje ya koya mana har anka gama. Da anka yi hutu ka tafi, ba ka dawo ba. Ka kama tuƙin jirgi a mashigin Kwara har ƙarshen rayuwarka.

Wannan ne anka ce in tsallake.

Ban tsallake ba. Da anka ba ni lasifika na kira sunanka, na fara labarin. Ban kai rabi ba mai gabatarwa ya matso yana murmushi, ya ce a tafa wa Baba, anka saki kiɗan faifai ya rufe muryata. Kiɗan haya ne, Mumuni, don makarantar ba ta da 'yan badujala yanzu. Na sa anka buɗe mini sito, na tarar da gangata ɓera ya cinye fatar, an cika cikinta da karyayyun ƙafafun benci. Begila kuwa babu wanda ya san ma an taɓa yin ta. Filin ƙwallonmu an yanki gefe an jera shaguna, ragowar awaki ke kiwo. Manyan baƙi sunka yi ta yabon tarihi mai ɗimbin daraja, sunka ci shinkafa, sunka hau mota.

Da haushin nan na nufi kasuwar Lolo, wajen 'yarka Hadiza mai sayar da kifi. Ita ma ta yi furfura. Na so in samu wanda za mu yi fushin tare. Na ba ta labarin duka, ta saurara hannu a haɓa. Ashe ba ka taɓa faɗa wa iyalinka ba. Ta ce abin da ta sani, 'ya'yanka duka wannan makarantar ka kai su, mata da maza, kai da kanka kake ƙetarar da su. Wai in wani ya yi ƙiwuya sai ka ce, "Makarantarmu ta, ba mai hana mu ita."

Na zauna kan kwandon kifi, tsoho da ni, ina share ido da hular kaina. Kai da anka yi wa abin ka aje shi tuntuni, ni da ke kallo na kasa. Kullum ka fi ni sanyin zuciya, ɗan'uwana. Har yau ban huce ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na huce ba. Amma na yi kewarka fiye da yadda nake jin haushinsu.

Allah Ya jiƙanka, Ya jiƙan innarka da Saje Garba. Allah Ya sa haƙurin da ka yi ya zama haske a kabarinka, Ya albarkaci zuri'arka ta wannan gaɓa da ta waccan. In tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu inda ba a ware kowa.

Naka har abada,
Bawa mai ganga