Ba Ku Ce Mana Kada a Yi wa Baba Ƙaho Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Tiyatar Zuciya na asibitin da aka yi wa mahaifina aiki.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Sunana Ɗahiru, manomi ne ni a Likoro, ƙaramar hukumar Kudan. Ni na yi jinyar mahaifina a wurinku.

Na farko, godiya. Baba ya zo muku ba ya iya takawa daga zaure zuwa masallaci sai ya zauna yana haki. Kuka cire ƙofar zuciyarsa da ta lalace, kuka sa ta ƙarfe, ya dawo gida da ƙafarsa.

Na biyu, ranar sallama an miƙo mini ƙwayoyi da takarda shafi biyu, duk da Turanci, aka ce ya sha kullum kada ya tsallake. Iyakar bayanin ke nan. Na ninke takardar na adana.

Na uku, bayan girbin dawa Baba ya ji bayansa ya riƙe, ya kira wanzaminsa ya yi masa ƙaho, kamar yadda yake yi kowace kaka tun ban san kaina ba. Tsaga shida ce kawai. Jinin da kan tsaya kafin wanzami ya goge askarsa, tun hantsi yake zuba har la'asar. Zane uku ya jiƙe. Da muka kai shi asibiti a Maƙarfi, likita ya karanta takardarku ya dafe kai, ya ce ƙwayar nan tsinka jini take yi, mai shan ta ko reza ba a son ta yanke shi. Ashe ni nake miƙa masa ita da hannuna kowace safiya, ni kuma na shimfiɗa wa wanzami tabarma. Sai da aka ƙara masa jini leda biyu, har yau ba ya tashi sai an kama shi.

Ranka ya daɗe, kun san ƙauyawa kuke wa aiki. Ku zaunar da mutum ku yi masa bayani da Hausa, ku ambaci ƙaho da tsaga da cire haƙori da sunansu.

Sannan akwai wani dattijo daga Malikanchi da aka sallama rana ɗaya da Baba, da irin takardar nan a aljihunsa. Ba ni da lambarsa, ku kuna da ita. Don Allah ku kira shi yau, kaka ce a can ma.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa albarka a hannuwanku.

Wassalam.
Ɗahiru, Likoro.