Wata Ce Take Kiran Sunan Ɗana a Small Heath

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ban taɓa kawo miki ƙara ba kina raye. Yau na kawo, a gaban jama'a kuma, domin ƙarar ta shafe ki.

Inna, wata mata ta ɗauke mini ɗa. Ba matarsa nake nufi ba. Ita yarinyar ta musulunta tun tana jami'a, kafin su haɗu, kuma sallarta ta fi tawa natsuwa. Uwarta nake nufi, Ramona, mutuniyar Jamhuriyar Dominika, can tsibiran da ke kusa da Amurka. Ta yi shekaru a Madrid tana goge gidajen mutane kafin ta iso Birmingham, yanzu tana da ɗan shagon gyaran gashi. Gajeriya ce, muryarta kamar lasifikar masallacin Juma'a, Turancinta kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ni da na karanta harhaɗa magunguna, na cika ɗaki guda da littattafai a gidana na Levenshulme a Manchester, wannan matar nake kishi da ita. Na faɗa, kowa ya ji.

Mako uku da suka wuce aka yi wa yaron nan aikin afendis. Na rufe kantin magani, na hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Birmingham ko mayafi ban sake ba. Da na shiga ɗakin asibitin sai na tsaya a ƙarshen gado, jaka a hannu, na yi masa ya jiki. Ramona kuwa tana zaune a bakin katifa, ta tallabe fuskarsa da hannu biyu, tana kuka, tana kiran sunansa kai ka ce ita ta raɗa masa. Nas ta shigo da takardar magungunansa. Ta dube ni, ta dubi Ramona, launinmu kusan ɗaya, sai ta miƙa mata takardar tana kiran ta Mum. Takardar magani, Inna. Ga mai gyaran gashi, ina tsaye.

Ban ga laifin nas ba. Ko ni aka tambaya wace ce uwa a ɗakin nan, da ita zan nuna.

Su mutanen Ramona suna da wata al'ada. Yaro ba ya shiga gida ko ya fita sai ya roƙi albarka a bakin uwa, ita kuma ta amsa da cewa Allah ya yi masa albarka, ta shafa kansa. 'Ya'yanta maza biyu da suka girma a nan sun daina. Sun ce abin kunya ne a gaban abokai. Tana yi musu magana da Sifaniyanci suna amsa mata da Turancin Birmingham, ido na kan waya. Ita ma tana da nata mikin, na sani, amma ba na cikin halin tausaya mata. Abin da 'ya'yanta suka yar, ɗana ne ya tsinta. Na gan shi da idona a ƙofar gidansa a unguwar Small Heath ta Birmingham, injiniya mai gemu, ya sunkuya wa wannan 'yar mitsitsiyar mata yana roƙon albarka da yaren da ya koya a shekara biyu. Hausarsa kuwa ta tsaya a "lafiya lau" da "na ƙoshi".

Har shinkafa da wake take dafa masa, yana santi kamar a tsibirinsu aka ƙirƙiro ta. Garau-garau ce, Inna, aka cika mata romo. Saboda shi ta daina shigo da naman alade gidanta, a shagon halal take sayayya. Da ma muguwa ce, da na samu sauƙi.

To ga inda kika shigo. Ɗan fari ne, ni kuma 'yarki ce. Tun ranar suna a gidanmu na Gwammaja na kawar da kai daga gare shi, mata suna yabon kunyata. Ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai", "yaron nan", "wancan". Ke kika goya shi, ke kike kiran sa angonki, kina ɓoye masa ƙuli-ƙuli a bakin zani. Yana da shekara huɗu na raba shi da bayanki na kawo shi Manchester, inda babu kaka, babu goggo, babu ko maƙwabciyar da za ta ja shi gefe ta ce masa uwarka ba ƙin ka take yi ba, kara ce.

A wurin GP, wato likitan unguwa, in mai karɓar baƙi ta tambayi sunan yaro, kati nake tura mata ta karanta da kanta. A taron iyaye a makaranta malamarsa tana yabon sa, ni ina kallon bango, har ta tambaye ni ko akwai matsala a gida. Ƙanwarsa Hauwa kuwa sunanta a bakina yake kwana, a cinyata ta girma, yana gani.

Harshenmu ni na hana shi. Na ji tsoron kada a yi masa dariya a filin wasa, na ce a gidana Turanci za a yi. Na yar da harshen da zai fahimci kunya da shi, na riƙe kunyar tsirara. Duk karatuna ban hango wannan ba.

Ranar da aka sallame shi, matarsa ta tafi ɗauko mota, Ramona ta bi ta da kaya, muka rage mu biyu. Ya ce da ni da Turanci, ba da faɗa ba, wai yana yaro yakan bar takalminsa a matakala da gangan, ko zan fusata in kira sunansa. Sai ya yi dariya, wai tsohon zance ne. Na buɗe baki, Inna. Abin da ya fito shi ne, ya riƙa shan maganin bayan ya ci abinci.

A hanyar komawa na fusata da ke a jirgi har Stockport, dab da Manchester. Daga nan fushin ya ƙi zama.

Domin ni ma 'yar fari ce, kuma ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Na yi kishin Binta, autarki, kishin da ban gaya wa kowa ba sai yau. Amma ni na iya karanta ki. Na san ma'anar tsokar naman da nake tararwa a ƙarƙashin tuwona, ba a sama ba inda za a gani. Na san dalilin da kike shiga ɗaki in an yabe ni. Kin sha cewa, "Abin da ke cikin rai ba a shanya shi a igiya." Unguwa guda ce ta taya ni fassara ki. Binta ta ce a kwanakinki na ƙarshe, duk sanda ƙofa ta motsa sai ki tambaya, "Ta iso?" Ba ki faɗi suna ba, kuma babu wanda ya tambayi wa kike nufi. Na iso bayan an kai ki.

Shi ba shi da unguwar nan, Inna. Ni kaɗai gare shi, sai Ramona. In na ci gaba da shiru, wata rana ƙofa za ta motsa in tambaya ko ya iso, a rasa mai gaya masa.

Ba zan iya kuka a bakin katifa kamar Ramona ba, ba kuma zan koya ba, ta riƙe kayanta. Amma Asabar zan koma Small Heath. Na gwada furta sunansa a mota, gilashi a rufe, sau uku. Ki yafe mini, zan karya abin da kika koya mini. Na ga ya dace ke ki fara ji, tunda ke kika fara kiran sa.

Sulaiman.

Allah ya yi masa albarka, ya ba shi lafiya. Allah ya shiryar da 'ya'yan Ramona su koma su sunkuya wa uwarsu, ko ta sakar mini nawa. Ke kuma Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya haɗa mu a inda za ki iya kira na ba tare da kin kawar da kai ba.

'Yarki ta fari,
Rabi'atu