Ana zagin wanzamin gidanmu, alhali ni na ɓoye maganin

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin, ka sakaya sunana don girman Allah. Jama'a shawararku nike nema, abin ga ya tsaya mani a rai, ko abinci ba ni jin daɗinshi.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Tawa, iyayena suna Barmu. Wata biyu da sunka wuce babana ya kwanta da tari da zazzaɓi, numfashi sai da ƙyar, munka kawo shi asibiti nan Tawa. Dokta ya jawo ni gefe ya ce korona ce ta kama mashi huhu, anka sa mashi oksijan, ana ba shi magani biyu, ɗaya na rage kumburin huhu, ɗaya na tsinka jini kada ya daskare a jijiya. To Baba tun farko cewa yake korona ƙaryar Nasara ce, wallahi da ya ji sunan sai ya tsige robar ya nufi tasha. Sai na ce mashi, da duk dangi, sanyi ne ya shiga haƙarƙarinshi.

Allah ya kawo sauƙi, anka sallame mu da ƙwayoyin tsinka jinin. Dokta ya ja mani kunne har sau biyu, ban da tsaga, ban da ƙaho, don jinin in ya ɓalle tsayuwarshi wuya. Amma da munka isa gida na ce ma Inna bitamin ne ta riƙa ba shi, na san in Baba ya ji ana tsinka mashi jini masai zai watsa su. Zancen ƙaho kuwa na ce sai ƙarshen sati in na dawo in san yadda zan ɓullo mashi, na koma bakin aikina.

Kafin in dawo fuskarshi ta ɗan tasa, abin da dokta ya riga ya ce maganin huhun yana iya kawowa. Kawuna ya ce mataccen jini ne, ya kira wanzamin gidanmu, dattijo ne, shi ya yi mana askin suna mu duka. Ƙaho huɗu ya kafa mashi a baya. Jini ya ƙi tsayawa, zane biyu sunka jiƙe, sai da anka maido shi Tawa anka ƙara mashi jini. Ya rayu, alhamdu lillahi.

Yanzu duk gari an ce tsohon wanzamin hannunshi na rawa, ya yanke jijiya, wasu ma cewa suke turo shi anka yi. Kawu ya ci mutuncinshi a bakin masallaci. An yi suna uku a unguwarmu babu wanda ya kira shi. Ni kuwa na ja bakina na yi gum, tsoro nike ji. In na faɗa, Baba zai san na yi mashi ƙarya yana kwance, Inna za ta san da hannunta na sa ta ba shi abin da ya kusa kashe shi, kuma ba zai sake karɓar magani daga gare ni ba, alhali har yanzu bai gama warwarewa ba.

Lahadi na tarad da tsohon zaune ƙofar gidanmu da zabirarshi, an hana shi shiga gaisuwa. Ya ce mani, "Ɗiyata, ke kin yi karatu, ki tambayo mani likita. In hannuna ne, in aje aska, kada in kashe ɗan wani." Na ce mashi to. Da na shiga ɗaki sai kuka.

Don Allah ku faɗa mani, in gaya ma wanzamin gaskiya shi kaɗai? To wa zai yarda da shi in ban tsaya gaban Baba da kawu na faɗa da bakina ba? Tsohon ya ce Juma'a zai dawo ya ji amsa, yau Laraba.