Bugun Zuciyar Baba Ɗanjumma

Laraba, 9 ga Sha'aban. Talata Mafara.

Kwana goma ke nan ina zuwa ƙauyen Dakko da agogona da ɗan benci, ba wanda ya yarda in taɓa shi. Na yi bayani har na gaji, cewa karatuna na jami'a ne kawai, ina son sanin yadda zuciya da jijiyoyin manomi ke ɗaukar aikin ƙarfi. Da sun ji kalmar awo sai su watse. Ban ga laifinsu ba. Masu awon da suka riga ni zuwa, gonakinsu suka auna saboda aikin dam.

Yau wani dattijo, Baba Ɗanjumma, ya zauna kusa da ni. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Yaro, waɗanda sunka auna gonata ba su maido ta ba. Kai mi za ka ɗauka?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Ƙirgawa kawai zan yi."

Ya yarda, na sa shi ya yi ta hawa benci yana sauka har minti uku, sannan ya miƙo mini hannu. Bugun zuciyarsa yana tsallake, ya huta ya huta bai daidaita ba. Na roƙe shi ya je asibiti, ya yi dariya ya ce lafiyarsa lau.

Na samu mutum na farko, amma na kasa murna. Malamina yana nesa, a garin nan kuma ba ni da wanda zan tambaya ko na yi kuskure da na sa shi hawan. Gobe ba zan ɗauki benci ba. Babur zan ara in kai shi asibiti da kaina, ko da zai yi mini faɗa.